Ruwan Sama Ko Dusar Ƙanƙara: Wanne Ya Fi Haɗari Ga Mai Tuƙi?

Idan tafiya ta kama mutum, kuma yana da damar zaɓar rana ko zaɓar hanya, ga ruwan sama a gefe guda ga dusar ƙanƙara a ɗaya gefen, wanne zai tunkara? Yawancin mutane ba sa dogon tunani, ruwa za su ce. A mafi yawan ranaku kuwa sun yi daidai, domin titin da ruwa ya jiƙa ya fi wanda dusa ta rufe riƙe taya nesa ba kusa ba. Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba. Mutanen da ke mutuwa a jiƙaƙƙen titi sun fi waɗanda ke mutuwa a kan dusa yawa, kuma akwai ranakun da ni zan gwammace in bi titin dusar da aka share aka watsa wa gishiri don ya narkar da ƙanƙara, da in shiga ruwan da ake sheƙawa kamar da bakin ƙwarya.

Abin da ya raba su shi ne yadda kowanne yake zuwar wa direba. Dusar ƙanƙara ba ta ɓoye kanta. Tun kafin mutum ya tayar da mota ya ga ko'ina ya yi fari, a kwanar farko ya ji taya ta zame, jikinsa ya ba shi cewa yau ba ranar gudu ba ce. Ruwan sama kuwa yakan bar mutum da gudunsa na kullum. Mota tana tafiya lafiya lau, sitiyari yana amsawa, har zuwa daƙiƙar da zai daina amsawa gaba ɗaya.

Riƙon taya

Duk abin da direba yake yi, taka birki ne ko karya kwana ko ƙara wuta, ta wurare huɗu yake bi, inda roba ta taɓa ƙasa, kuma kowannensu bai wuce faɗin tafin hannu ba. Masana harkar hanyoyi suna auna ƙarfin wannan riƙo da lamba. A busasshiyar kwalta lambar takan kai 0.7 zuwa 0.8. Idan ruwa ya jiƙa ta sai ta sauka tsakanin 0.4 da 0.6, gwargwadon kyan tayar da irin kwaltar. A kan dusar da motoci suka danne tana tsakanin 0.2 da 0.3. A kan ƙanƙara zalla 0.1 ce, wani lokaci ma ba ta kai ba.

Bari a mayar da lambobin nan zuwa mita, yadda za su fi shiga kai. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa, daga lokacin da birki ya kama, tana buƙatar kusan mita 36 kafin ta tsaya a busasshen titi. A jiƙaƙƙe, mita 42 zuwa 60 da 'yan kai. A kan dusa, daga mita 85 har zuwa 125. A kan ƙanƙara tana iya shafe mita 250 tana sulalewa. Ba a ma lissafa tazarar da motar ke ci kafin ƙafa ta kai kan birki ba, wadda a wannan gudun mita 22 ce a kowace daƙiƙa. Kundin dokokin hanya na Birtaniya ya faɗi abin a taƙaice: a jiƙaƙƙen titi nisan tsayawa yana ninkawa aƙalla sau biyu, a dusa da ƙanƙara kuwa yana iya kaiwa ninki goma.

Da mutane suna tuƙi da gudu iri ɗaya a yanayin biyu, da an gama magana. Amma ba haka suke yi ba, kuma nisan birki ba ya tafiya daidai da gudu. Idan gudu ya ninka biyu, nisan ninki huɗu yake yi. A ɗauki direbobi biyu. Na farko yana kan dusa, tsoro ya sa ya sauko kilomita 40 a awa, zai tsaya cikin mita 30 ko kusa da haka. Na biyu yana babban titi ana ruwa, ya rage daga 110 zuwa 100 yana ganin ya yi ƙoƙari, shi kuwa sai ya ci kusan mita 80. In kuma dukansu suka daki wani abu ba su samu damar taka birki ba, ƙarfin dukan na biyu ya fi na farko sau shida. Na farko galibi mai gyaran jikin mota zai nema. Na biyu, in da sauran kwana, asibiti za a kai shi.

Alƙaluman Amurka, ƙasar da ke ganin yanayin biyu kuma take tattara bayanan haɗurra shekara da shekaru, sun nuna haka. Hukumar manyan hanyoyi ta tarayyar ƙasar ta duba shekarun 2007 zuwa 2016, ta samu cewa kusan kashi 21 cikin 100 na haɗurran mota suna da nasaba da yanayi, wato sama da haɗari miliyan 1.2 a shekara, masu cin rayuka fiye da 5,000. A cikinsu kashi 70 a jiƙaƙƙen titi suka faru, kashi 46 ana tsaka da ruwa. Waɗanda suka faru dusa tana zuba kashi 18 ne, na kan titi mai ƙanƙara kuma kashi 13.

Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa dusa ta fi sauƙi. Ruwa yana sauka kusan ko'ina kuma a watanni da yawa, dusa kuwa 'yan watanni take yi a wasu yankuna, ranar da ta zuba ma mutane da yawa ba sa fita. In awa ɗaya ta tuƙi za a gwada da awa ɗaya, yiwuwar yin karo ta fi yawa a dusa. Abin da ya bambanta shi ne munin karon. Daniel Eisenberg da Kenneth Warner na Jami'ar Michigan sun wallafa bincike a 2005 bayan nazarin bayanan 1975 zuwa 2000, suka gano cewa ranakun dusa sun fi busassun ranaku yawan haɗurran da mota ke lalacewa da waɗanda ake jin rauni, amma haɗurran da ake mutuwa a cikinsu sun ɗan ragu. Rana ɗaya ce ta fita daban, wato ranar da dusa ta fara zuba a shekara. A ranar mace-mace sun fi na sauran ranakun dusa, musamman tsakanin tsofaffin direbobi. Hannu ya manta, taya ta lokacin zafi tana nan ba a canza ta da ta hunturu ba.

Ruwa ma yana da irin wannan ranar farko. Bayan an daɗe ba a yi ruwa ba, baƙin mai da ƙura da garin roba sun taru a kan kwalta. Yayyafin farko bai isa ya wanke su ba, sai dai ya kwaɓa su su zama santsi, musamman a mahaɗar hanyoyi da wurin fitilar ba da hannu inda motoci ke tsayawa suna ɗigar da mai. Eisenberg ɗin ya nuna a wani binciken na 2004 cewa haɗarin ruwa yana ƙaruwa gwargwadon daɗewar da aka yi ba a yi ruwa ba. Raina kama ka ga gayya: yayyafin da ko waifa ba ka kunna masa ba yana iya fin ruwan da ya kwana yana zuba santsi.

Lokacin da taya ta hau ruwa

A nan ne ruwan sama yake da makamin da ya kamata kowane direba ya sani. Zanen da ke jikin taya magudanai ne, aikinsu su kwashe ruwan da ke gabanta su watsar gefe don roba ta samu kwalta. Kowace taya tana da iyakar ruwan da za ta iya kwashewa a daƙiƙa. Idan ruwan ya yi zurfi ko gudu ya yi yawa, abin da ya rage sai ya taru a gaban tayar, ya kutsa ƙarƙashinta, ya ɗaga ta. Daga nan motar ba a kan titi take ba, a kan ruwa take. Sitiyari ya yi sakayau a hannu, ƙarar injin ta tashi ba dalili, bayan motar ya fara kaɗawa. Riƙon da ya rage a lokacin bai fi na ƙanƙara ba, ga shi kuma ya samu mutum yana tsaka da gudun da ba zai taɓa yi a kan ƙanƙara ba.

A farkon shekarun 1960 injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ciki har da Walter Horne, sun yi nazarin wannan abu saboda jiragen saman da ke sauka a jiƙaƙƙen fili. Suka gano cewa gudun da taya ke ɗagawa gaba ɗaya yana da alaƙa da iskar da ke cikinta. Bisa lissafin da aka samo daga aikinsu, tayar mota mai iska 32 a ma'aunin masu faci takan hau ruwa mai zurfi a wajen kilomita 94 a awa, wadda iskarta ta sauka zuwa 24 kuwa a wajen 82. Wannan ɗagawa ce ta gaba ɗaya. Raguwar riƙo tana farawa tun kafin nan, kuma da suɗaɗɗiyar taya tana iya farawa a kilomita 55 ko 60. Sabuwar taya tana zuwa da zurfin zane kusan milimita 8. Dokar ƙasashen Turai ta yarda a yi amfani da ita har ta sauka 1.6, amma tun daga milimita 3 ƙarfinta na kwashe ruwa ya ragu ƙwarai, shi ya sa masana da yawa ke cewa a canza ta a nan.

Ba a banza Faransa ta sa a doka cewa da zarar an fara ruwa, iyakar gudu a manyan titunanta ta sauka daga kilomita 130 zuwa 110 ba, in kuma ba a iya hangen abin da ya wuce mita 50, ta koma 50 a kowace hanya. Dokar ta yi wa direba tunanin da jikinsa ba ya yi masa a cikin ruwa.

Wuraren da ruwa ke kwanciya sanannu ne: kwarin da tayoyin manyan motoci suka haƙa a kwalta, gefen titi inda magudana ta toshe, ƙasan gangara, ƙarƙashin gada. Mafi muni shi ne tayoyin gefe ɗaya su shiga kududdufi na ɗaya gefen suna kan kwalta, domin motar za ta fizga zuwa ɓangaren ruwan. In abin ya faru, maganinsa ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe, a bar motar ta rage gudu da kanta har tayoyi su sake taɓa ƙasa. Mutum ya danna birki da ƙarfi ko ya murɗa sitiyari, to da zarar riƙo ya dawo motar za ta bi inda tayoyin suka kalla da dukan ƙarfinta. Na'urar nan mai riƙe wa direba gudu ita ma a kashe ta, a ruwa da a dusa duka.

Dusa kuma ba iri ɗaya ba ce, kuma wanda bai saba da ita ba a nan yake ruɗewa. Busasshiyar dusar da ta zuba cikin tsananin sanyi tana da ɗan riƙo, taya tana cizon ta. Wadda motoci suka danne suka goge da birki a mahaɗar hanyoyi ta kusa zama ƙanƙara. Wadda ta fara narkewa ta zama caɓi kuwa ta haɗa sharrin biyu, domin ta fi ruwa kauri, zanen taya ba ya iya fitar da ita da sauri, sai tayar ta hau kanta a gudun da bai kai na ruwa ba. Tudun caɓin da ke taruwa tsakanin layi da layi ya sha juya motocin masu ƙoƙarin wuce na gabansu.

Ta fuskar gani kuwa kusan kunnen doki suke, kowanne da irin makantarsa. Ruwa da dare yana mayar da kwalta madubi, fitilun masu tahowa su ninku, farin layi ya ɓace, mai tafiya a ƙasa da duhun tufafi ba a ganinsa sai an zo dab da shi. Feshin tayoyin tirela yana iya rufe gilas na daƙiƙa biyu ko uku, wanda a gudun kilomita 90 tafiyar mita 50 zuwa 75 ce a makance. Dusar da ta kwanta takan ƙara haske da dare, amma tana binne layi da bakin titi da allunan hanya, har mutum ya kasa sanin inda kwalta ta ƙare rami ya fara. In iska ta taso da ita, sama da ƙasa su zama fari ɗaya, ko bonet ɗin motarka da ƙyar za ka gani. Fitilar nesa ba ta taimako a nan, hasken ne ke dawowa ido. Ruwa mai irin wannan ƙarfi yakan tsagaita bayan ɗan lokaci, ana iya samun wuri nesa da titi a jira. Guguwar dusa tana iya kwana tana yi.

Ambaliya da maƙalewa

Akwai haɗarin da ba na karo ba, kuma a nan ne kowannensu yake nuna ƙarshen muninsa.

Na ruwa shi ne ambaliya, ita kuwa ba ta ba da lokaci. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 yana tafiya da yawancin ƙananan motoci, santimita 60 kuwa yana ɗaukar har manyan jif-jif. Fiye da rabin waɗanda ambaliya ke nutsarwa a ƙasar, mota ce ta shiga ruwan da su. Mota akwati ce mai iska a ciki, da ruwa ya kai cikinta sai ta fara tasowa, tayoyi su saki ƙasa. Ko ba ta taso ba, injin da ya shaƙi ruwa ya mutu nan take, ya bar mutum a tsakiya ruwa yana ƙaruwa. Ga shi ba a ganin abin da ke ƙasa, wataƙila kwaltar ma ta riga ta zaizaye. A Yulin 2021 birnin Zhengzhou na ƙasar Sin ya samu ruwa sama da milimita 200 cikin awa ɗaya, hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Jingguang ta cika da motoci a ciki. A Oktoban 2024 ambaliyar yankin Valencia a Sifaniya ta kashe mutane fiye da 200, da dama daga cikinsu a cikin motoci ko a garejin ƙasa inda suka sauka don ceto motocinsu. Wannan na ƙarshe yana taɓa mini zuciya ƙwarai, domin abu ne da kusan kowane mai mota zai ji yana son yi.

Na dusa shi ne maƙalewa. Ita a hankali take kisa, kuma shiri yana iya tsamar da mutum. A Janairun 2022 motoci suka tsaya cak a babban titin I-95 a jihar Virginia ta Amurka, wasu sama da awa 24, har da sanata Tim Kaine. A cikin watan dai, a garin Murree na Pakistan, mutane fiye da 20 suka mutu a cikin motocinsu bayan dusa ta rufe hanya, wasu saboda sanyi, wasu saboda hayaƙin mota. Yadda abin ke faruwa shi ne mutum ya bar injin a kunne don hita ta ɗumama shi, dusa ta toshe bakin salansa, iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi ta dawo cikin motar, barci ya ɗauke shi. Shawarar da hukumomin agaji ke bayarwa ita ce a zauna cikin mota kada a fita neman taimako a ƙafa cikin guguwa, a riƙa share bakin salansa, a kunna injin kamar minti goma a kowace awa, a ɗan sassauta gilas. Wanda ya fito da tanki cike, da bargo, da shebur, da ruwan sha, da waya mai caji, yana da kyakkyawar damar kwana lafiya. A ambaliya kuwa shawarar akasin haka ce: in ruwa ya fara shiga, a kwance bel, a sauke gilas tun wutar mota ba ta ɗauke ba, a fita da yara a nemi tudu. Ba wani kaya a but da zai taimaka.

Abin da ke tsakaninsu ya fi su duka

In za a tambaye ni yanayi ɗaya da ba zan fita a cikinsa ba ko da wace irin mota, ba ruwa ba ne ba kuma dusa ba ce, ruwan sama mai daskarewa ne. Yana faruwa ne idan akwai iska mai ɗumi a sama, iska mai tsananin sanyi a ƙasa. Ruwa ya sauko a matsayin ruwa, yana taɓa titi ya daskare ya zama siririn gilas. Ido yana ganin jiƙaƙƙiyar kwalta, ƙwaƙwalwa ta ba da umarnin tuƙin ruwa, alhali riƙon 0.1 ne. Ya ɗauki yaudarar ruwa ya haɗa da santsin ƙanƙara. Haka aka yi a birnin Fort Worth na jihar Texas ta Amurka da asubar 11 ga Fabrairun 2021, inda motoci sama da 130 suka afka wa juna a babban titi, mutum shida suka rasu.

Ƙanƙara ta fi santsi idan sanyi yana dab da digiri sifili, saboda ɗan ruwan da ke samanta, fiye da lokacin da sanyi ya yi tsanani sosai. Kuma titi yana iya daskarewa iska ba ta kai sifili ba, shi ya sa motoci da yawa ke kunna alamar gargaɗi a digiri 3 ko 4. Gada ce ke fara daskarewa, domin iska tana bi ta samanta da ƙarƙashinta, sai wuraren inuwa da kwari. Alama ɗaya mai amfani: in titi yana sheƙi kamar jiƙaƙƙe amma tayoyin motar gabanka ba sa feshi, ƙarar ruwan da ke ƙarƙashin taka motar ma ta ɗauke, to a kan ƙanƙara kake.

Motar da kake da ita

Kayan aiki suna canza lissafin dusa fiye da yadda suke canza na ruwa. Robar tayar lokacin zafi tana taurara idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Tayar hunturu, mai tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a ciki, an yi ta da robar da ba ta taurara, da ƙananan tsage-tsage masu cizon dusa, kuma bambancinta da ta zafi a kan dusa babba ne ƙwarai. Shi ya sa Jamus ta wajabta ta duk lokacin da titi ke da dusa ko ƙanƙara, lardin Quebec na Kanada kuma daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Sarƙar da ake ɗaura wa taya don ta ciji dusa tana aiki a hawan duwatsu amma da ƙaramin gudu kawai. Hanyar ma sai an duba: titin da ake sharewa ana watsa wa gishiri daban yake da wanda aka bari, ko da yake gishiri yana rage tasiri idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili.

Masu motar da ƙafafunta huɗu ke ja su ne suka fi bukatar gargaɗi. Wannan tsari yana taimakawa wajen tashi da hawan tudu, amma ba ya ƙara komai wajen tsayawa, domin kowace mota da tayoyi huɗu take birki. Yana ma ɓoye wa direba santsin da mai ƙaramar mota ya ji tun da ya tashi. Birkin ABS, mai hana taya kullewa idan an danna shi da ƙarfi, yana barin mutum ya juya sitiyari yana kan birki, kuma a jiƙaƙƙen titi yana aiki sosai, sai dai a dusa mai laushi yana iya ƙara nisan tsayawa. Duk wayon na'ura, riƙon da ke ƙasa take rabawa, ba ta ƙirƙiro wani.

Ruwa kuwa ba ya neman wani kaya na musamman. Taya mai zane, iska daidai, waifa mai kyau, fitila a kunne, da abin da zai hana gilas yin gumi daga ciki. Sauran aikin yana ƙafar dama.

To wanne za a zaɓa?

In ruwa ne na yau da kullum a gefe guda, dusa a ɗaya gefen, ruwan zan bi ba tare da jinkiri ba, ko da hanyarsa ta fi nisa, da sharaɗin in rage gudu ragewa ta gaske, in bar tazarar aƙalla daƙiƙa huɗu tsakanina da na gaba. In motar tayar zafi gare ta, ko direban bai taɓa tuƙi a dusa ba, ko hanyar ta bi ta duwatsu, to zaɓin ma bai taso ba. Tuƙin dusa sana'a ce ta hannu: tashi a hankali, birki tun daga nesa, sauka gangara da ƙaramar giya, sanin yadda ake kallon inda ake son zuwa idan bayan mota ya zame. Ba a koyon wannan a babban titi da iyali a baya. A nemi fili da ba kowa, a taka birki, a ji yadda motar take yi.

Lissafin yana juyawa idan ruwan ya zama mamako mai gargaɗin ambaliya, ko tafiyar dare ce a babban titi da tayoyin da suka fara suɗewa, ko hanyar tana ratsa kwari da ƙananan gadoji. A irin wannan hali, dusar da ta riga ta daina zuba, da rana, a titin da aka share, da tayar hunturu, ta fi aminci a wajena. Ita ta nuna mini iyakarta tun farko kuma ba za ta canza ba sai yanayi ya canza.

Akwai kuma abin da masu tsara tafiya suke yawan mantawa, wato dawowa. Mutum ya duba hasashen yanayi na lokacin tashi kawai, ya ga ruwa ne da la'asar, zafi digiri 4, ya ce ba matsala. In gari ya washe bayan magariba, sanyi yakan faɗo da sauri, ruwan da ya jiƙa titin da rana shi ne zai daskare da dare. Haka dusar da rana ta narkar ta gangaro kan kwalta. Don haka a duba awannin tafiyar duka, zuwa da dawowa, kuma a duba wuri mafi tudu a kan hanyar, ba garin da za a tashi ko wanda za a sauka kaɗai ba, domin duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da kusan digiri 6. Ruwan da ke sauka a ƙasan dutse yana iya zama dusa ko ƙanƙara kafin a kai samansa, kuma in hasashen ya nuna jiƙaƙƙen titi da sanyin da zai ratsa sifili kafin ka iso gida, gara ka kwana inda kake ka taso bayan rana ta ɗaga.